Idan An Ɗaure Bututun Da Ya Fashe, Wa Ke Duba Ruwan Da Ya Dawo?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan ruwan sha, daga nan Wagini ta ƙaramar hukumar Batsari. Na san duk wanda ya ga sunan garinmu zai ɗauka maganar tsaro zan kawo, tunda a 'yan shekarun nan ba a ambaton Batsari da Safana sai an haɗa da dajin Rugu. Wannan masifa tana nan, Allah ya kawo mana ƙarshenta. Amma ko a ranar da aka kwana lafiya, da gari ya waye ruwa za a fara nema, kuma akwai wani gefe na maganar ruwa da ban cika jin ana taɓawa ba.

Kukanmu kullum a kan rashi yake. Famfo ya ƙafe, tuƙa-tuƙa ya lalace, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka. Idan bututu ya fashe a kan titi, abin da ke ba mu haushi shi ne ruwan da ke malala a banza alhali gidaje babu. Da zarar ma'aikata sun zo sun ɗaure, sun mayar da ƙasa, ruwa ya dawo, sai kowa ya ce alhamdulillahi, yara su ruga da bokitai. Ni kuwa wannan ruwan na farko shi ne yake ba ni tsoro.

Ga dalili. Muddin bututu yana cike kuma ruwa na tafiya da ƙarfi, ko da akwai tsaga a jikinsa, ruwan waje yake fita, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Amma da an rufe ruwa don gyara, ko wuta ta ɗauke injin ya tsaya, sai bututun ya zama fanko, ya koma yana zuƙo abin da ke kewaye da shi, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Me ke kewaye da shi? Duk wanda ya taɓa zagaya lungunan cikin birnin Katsina, ko Funtuwa, ko Kano, ya ga ƙananan bututan da aka ja zuwa gidaje kwance cikin lambatu, wasu an naɗe tsagarsu da robar tayar keke. A wasu wuraren ramin masai bai fi taku kaɗan daga inda bututun ya bi ba. To idan aka sake buɗe ruwa, duk abin da ya shiga shi zai fara isa randa. A garuruwan da ake ba da ruwa yau a ɗauke gobe, wannan zuƙa ba ta jiran sai bututu ya fashe, kowane ɗaukewa dama ce.

Kada a ce wannan matsalar talakawan ƙasashe ce kawai. A ƙarshen shekarar 1989, a wani ƙaramin gari mai suna Cabool a jihar Missouri ta Amurka, wanda mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba, tsananin sanyi ya fasa manyan bututai biyu. Aka gyara, aka saki ruwa, ba tare da an sa sinadarin kulorin ba, domin garin ya saba shan ruwan rijiyoyinsa masu zurfi haka nan. Cikin 'yan makonni mutum 243 suka kamu da gudawa, da yawa har da jini, huɗu suka mutu. Masu bincike ba su sami laifi a rijiyoyin ba. A hanya ruwan ya gurɓace, tsakanin tushe da bakin famfo. Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, mu ma haka muke tunani: tunda daga bohol ya fito, ai mai kyau ne.

Masu aikin ruwa sun san yadda gyara na gaskiya yake, ba ni zan koya musu ba. Ana rufe ruwa ta ɓangarori biyu, a haƙa rami har ƙasan bututun, a kwashe ruwan ramin don kada ya koma ciki. Ana wanke sabon guntun da za a sa da ruwan kulorin. Bayan an ɗaure, sai a buɗe ƙarshen layin a bar ruwa ya yi ta zuba har ya washe. Daga nan a auna ko akwai ragowar kulorin a cikinsa, a kuma ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji, wanda sakamakonsa kan ɗauki kamar kwana guda. Kafin sakamakon ya fito, a gaya wa mutanen unguwa su tafasa ruwan da za su sha. Awon kulorin ɗin nan ba wani abin wahala ba ne: 'yar ƙwaya ce ake jefawa a cikin ɗan ruwa, idan ya yi launin ruwan hoda akwai kulorin, idan ya tsaya fari babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata a sami aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a wurin da mutum ke ɗiba. Mu ma muna da namu ma'aunin, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2015, kuma ya ce kada a sami ko ƙwayar cuta ɗaya ta E. coli, wadda ke nuna kashi ya taɓa ruwa, a cikin mililita 100. Doka dai tana nan a rubuce. Tambayata ita ce, daga cikin matakan nan, nawa ne ke kaiwa ga aiki idan bututu ya fashe da yammacin Alhamis, kuma wa ke bincikawa?

Ban rubuto don in ci mutuncin ma'aikatan ruwa ba. Mutumin da aka tura da shebur da diga, babu injin tsotse ruwan rami, babu kulorin a mota, mutanen unguwa sun tsaya a kansa suna cewa ya yi sauri, me kake so ya yi? Zai ɗaure ya tafi. Gyara irin wanda na bayyana kuɗi yake ci, kuma sai an ware masa kuɗin tun a kasafi.

A nan ne nake ganin mun fi karkata ga abin da ake yanke wa kirtani. Madatsar ruwa ta Ajiwa tana shayar da birnin Katsina tun shekarun 1970. Ta Zobe, da ke Dutsin-Ma, an gama ta a 1983 zamanin Shagari, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe kashin farko na aikin kai ruwanta ga jama'a. Kusan shekara arba'in ke nan ruwa na kwance mutane na kallo. A shekarar 2021 ɗin dai Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin SURWASH na ruwa da tsafta, kuma Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara da su. Duk wannan abin murna ne. Sai dai ruwan da aka tace a Ajiwa ko Zobe, aka sa masa alam da kulorin yadda ya kamata, yana da tafiyar kilomitoci a gabansa, kuma ƙarshen tafiyar cikin tsofaffin bututai ne. Ina so in ji, daga bakin Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Katsina, kaso nawa na irin waɗannan kuɗaɗe ake ware wa canza ruɓaɓɓun layuka da ɗakin gwaji, domin babu wanda ke kiran 'yan jarida ranar da aka sayi ƙwayoyin awo.

Yanzu bari in dawo gida. Mu mutanen karkara, rijiya da tuƙa-tuƙa da bohol mai sola su ne madogararmu, da damina kuma wasu har kududdufi. Sai mutum ya zaci maganar fashewar bututu ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu ƙwarai. Bohol mai sola yana da tanki a sama, da bututan roba da aka ja zuwa wuraren ɗiba, kuma galibi ba a binne su da zurfi. Amalanke ya taka, ko zaizayar damina ta tone, ko wani ya huda da gangan don ya shayar da dabba. Na ga inda irin wannan bututu ya tsage daidai inda ruwan wanke-wanke da fitsarin dabbobi ke taruwa. Matasa suka yi karo-karo, aka kira mai gyara ya liƙe, Allah ya saka musu. Amma ba a wanke tankin ba, ba a zubar da ruwan farko ba, kuma da dare, lokacin da sola ba ta aiki tanki ya sauka, wannan layin fanko yake kwana cikin taɓo. Bayan 'yan kwanaki aka fara jin yara na gudawa a gidajen da ke ɗiba a wurin, mutane suna cewa sauyin yanayi ne. Ban isa in rantse cewa ruwan ne ba, tunda babu wanda ya gwada, kuma rashin gwajin shi ne abin da nake kuka da shi. Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Wanda ya ga 2021 ba ya bukatar a tsorata shi. A waccan shekarar cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da dubu 100 a Najeriya bisa ƙididdigar hukumar NCDC, ta kashe fiye da 3,500, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana. Ka duba halin wanda ɗansa ya fara amai da tsakar dare, babu waya, hanya kuma ba ta biyuwa sai gari ya waye. A wurinmu tazarar da ke tsakanin gurɓataccen ruwa da asibiti ta fi ta mutumin birni nisa. Ga kuma waɗanda suka baro ƙauyukansu suka taru a manyan garuruwa, famfon da aka yi don unguwa ɗaya yanzu yana ɗaukar uku.

Mu ma da namu laifin, kada a ce na ɗora wa gwamnati komai. Mai hali a birni yana haɗa injin tsotso kai tsaye da layin gwamnati don ya cika tankinsa, ba ya tunanin cewa yana ƙara wa bututun zuƙar ƙazanta ne, shi da maƙwabtansa. Wani yana satar layi da dare ya liƙe da leda. A gida kuma, ko ruwan ya iso da tsabta, jarkar ɗan garuwa da cikinta ya yi kore, da moɗar da kowa ke tsomawa cikin randa da hannunsa, sun isa su ɓata shi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A mayar da sanarwa wajibi. Duk lokacin da babban bututu ya fashe ko aka yi gyara, a faɗa a Rediyon Jihar Katsina da Companion FM cewa unguwa kaza da kaza su tafasa ruwa har sai an sake sanarwa, a kuma aika wa mai unguwa da limamai su faɗa bayan salla. Wannan ba ya bukatar kwangila. Na san hukuma kan ji nauyin fitowa ta ce ruwanta akwai shakka, amma mutumin da aka gaya wa gaskiya sau ɗaya ya fi yarda ya biya kuɗin ruwa a ƙarshen wata. Ga karkara kuma, hukumar samar da ruwa a karkara ta RUWASSA da sashen lafiya na ƙananan hukumomi su ba kwamitocin kula da bohol horo da kayan aiki: kulorin na wanke tanki, da ƙananan kwalaben gwajin nan da ruwan cikinsu ke yin baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu idan akwai ƙazanta. A gwada kowane bohol da rijiyar jama'a a farkon damina da kuma bayan kowane gyara, a rubuta ranar da sakamakon a jikin tankin kowa ya gani.

Kada wani ya ce mutanen ƙauye ba za su iya ba. Iyayenmu sun sha fama da kurkunu, a ƙarshen shekarun 1980 masu ɗauke da shi a ƙasar nan sun haura dubu 600. Da ƙyallen tace ruwa da masu sa kai na ƙauye aka yaƙe shi, Janar Yakubu Gowon da kansa yana bin garuruwa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Najeriya. Matan da suka riƙe wancan ƙyalle za su iya riƙe kwalbar gwaji.

Kafin hukuma ta motsa, ga 'yan uwana masu karatu: ruwan da ya fara zuwa bayan ɗaukewa ko gyara, a bar shi ya zuba har ya washe, a yi wanki da shi. Ruwan sha kuwa, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. Na san itace ya yi tsada, shiga daji kuma yanzu sai da shahada, don haka wanda bai iya tafasa na gida duka ba ya fara da na ƙananan yara da tsofaffi, ko ya nemi WaterGuard a kemis ya bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar, ya jira rabin awa kafin a sha. Idan ruwan yana da laka a bari ya kwanta a tace tukuna, domin kulorin ba ya aiki sosai cikin laka.

Malam Edita, idan da hali ka tura wakilinka ya tambayi hukumar ruwa yaushe ta yi gwaji na ƙarshe a bakin famfunan unguwanni, ba a matatar ruwa ba, ka buga mana amsar.



Mai karanta jaridarku,
daga Wagini, ƙaramar hukumar Batsari, Jihar Katsina.