Zoben sarrafa sautin jita: a fara da waya kafin a yi mafarkin Bluetooth

Duk wanda ya taɓa juya wayarsa ya ga hoto ya kwanta da kansa, ya riga ya yi amfani da na'urar jin motsi. Irin wannan ƙaramar na'ura ce masu haɗa kayan kiɗa a gida suke ɗaurawa a yatsa ko a wuyan hannu, domin motsin hannu ya riƙa sauya sautin jita, aikin da a da sai an taka feda da ƙafa. Dabarar tana da kyau, kuma ta cancanci matasa su gwada. Sai dai da yawa suna fara ta daga inda ya kamata su ƙare.

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Source Audio na Amurka ya daɗe da fitar da wani zobe mai suna Hot Hand, mawaƙiyar Ingila Imogen Heap kuma ta yi suna da safar hannu ta Mi.Mu. Abin da ya sauya shi ne farashin kaya. Allon MPU-6050, wanda ke auna karkata da juyi, da ƙananan kwamfutoci irin su Arduino da ESP32, yanzu kaya ne na ɗalibai. Matashin da ya iya liƙa waya da dalma kuma ya iya rubuta 'yan layukan manhaja zai iya haɗa nasa.

Matsalar tana farawa ne daga kwaɗayi. Mai haɗawa yana ganin ESP32 na da Bluetooth da Wi-Fi, sai ya ce dole zobensa ya zama marar waya tun ranar farko. To amma kiɗa ba ya haƙuri da jinkiri. A ƙa'idar Bluetooth mai ƙarancin cin wuta da ESP32 ke amfani da ita, mafi ƙarancin tazara tsakanin saƙo da saƙo milisakan 7.5 ce, kuma sau da yawa takan fi haka. Ga shi yana aiki a zangon 2.4GHz, inda wayoyin duk 'yan kallo ke cunkushe. Abin da ya yi aiki lafiya a ɗaki zai iya yankewa ana tsakiyar biki. Waya mai tsawon mita biyu ba ta da kyan gani, amma ba ta cin amana, kuma tana raba mutum da ɗaura batirin lithium a jikin fatarsa tun bai san yadda ake cajinsa lafiya ba.

Abu na biyu shi ne hannun makaɗi ba ya zama wuri ɗaya. Hannun da ke kaɗa tsirkiya yana girgiza kullum, na'urar kuma tana karanta kowace girgiza. Idan aka tura lambobin yadda suke, sautin zai yi ta rawar ɗari. Maganin yana cikin manhaja: a ɗauki matsakaicin karatu kaɗan, a ware wani ɗan yanki da na'urar za ta yi watsi da motsi a cikinsa, sannan a sa maɓallin ƙafa na kashe zoben gaba ɗaya. Amma tacewa ita ma tana ƙara jinkiri, don haka duk milisakan da aka ɓatar a iska an rage shi ne daga nan. Motsi ɗaya ya sarrafa abu ɗaya, misali karkatar hannu ta buɗe ko ta rufe sautin wah, ya fi motsi shida da makaɗi ba zai iya tunawa ba.

Sai wurin haɗuwa da fedar kanta, inda aka fi ƙona kaya. Fedoji da yawa suna aiki da bolt 9, alhali guntun MCP41010, wanda ake sawa a madadin maɓallin murɗawa, bai kamata ya ga abin da ya wuce bolt 5.5 ba. Tsohuwar dabara ta fi sauƙi: a haɗa ƙaramar fitilar LED fuska da fuska da na'urar jin haske, a rufe su da baƙin tef. Kwamfutar tana ƙara haske ko ragewa, fedar tana amsawa, kuma babu wutar da ke ratsawa tsakaninsu.

Akwai masu cewa fedar ƙafa ta wadatar, tunda da ita Jimi Hendrix ya yi abin da ya yi. Suna da gaskiya ta wani ɓangare: ƙafa ba ta da wani aiki, hannu kuwa yana da shi. Amma feda tana ɗaure makaɗi wuri ɗaya, kuma ba kowa ke iya taka ta ba, musamman mai lalurar ƙafa. Ga irin wannan mutum zoben ba abin wasa ba ne.

Mdou Moctar na Nijar ya fara ne da jitar da ya haɗa da kansa, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Bai jira kaya masu tsada ba. Wanda zai haɗa zobe ya ɗauki wannan hanya: na'ura ɗaya, waya ɗaya, sauti ɗaya. Idan ya yi mako huɗu yana kiɗa da shi bai ba shi kunya ba, sai ya cire wayar ya gwada Bluetooth, a lokacin kunnensa ya san yadda daidai yake.