A Ba Kare Gayan Tuwo, A Hana Shi Miya

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

'Yan'uwa mazauna Kudu, da yawa daga cikinku masu aikin gadi a Legas da Ibadan da Fatakwal kun san yadda abin yake. Maigida zai ɗauke ka aiki, ya nuna maka ƙofa, sa'an nan ya nuna maka wani ƙaton kare ya ce abincinsa yana wuyanka. Nan Jos ma haka ne. A Dilimi, inda masu sayar da kayan mota da makanikai suke kulle shagunansu da magariba, kare ne abokin hirar maigadi har gari ya waye. Tun da sanyin Jos ya karɓi karnukan Turawa, kiwonsu ya zama sana'a, har daga nan ake kai wasu Kudu.

Ni ra'ayina shi ne, ba sai an sayo abincin gwangwani daga ƙasashen waje ba. Abin da ke cikin tukunyarmu ya ishi kare. Amma fa sai a ɗebar masa kafin a zuba miya.

Tuwon masara, tuwon shinkafa, dafaffiyar acca, har ƙanzo idan an jiƙa, duk kare yana ci ya zauna lafiya. Dankalin Turawa da Filato take taƙama da shi, da dankalin Hausa, da kabewa, da karas irin wanda ake jibgewa a kasuwar Farin Gada, duk suna da kyau muddin an dafa. Sai dai tsiron dankalin Turawa da wurin da ya yi kore a jikinsa akwai guba, a yanke a zubar. Kuma kada a ce tuwo kaɗai zai riƙe shi. Asalin kare maci nama ne, saboda haka a riƙa haɗa masa da dafaffen ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko guntayen nama daga wurin mahauta. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke a kaskonsa.

To, me miya ta yi? Albasa ce da tafarnuwa. Mu mun ɗauke su magani, alhali kuwa ga kare suna farfasa ƙwayoyin jini. Ɗanya ko soyayya ko busasshiya, duk ɗaya ne, wuta ba ta kashe gubar. Albasa guda matsakaiciya ta isa ta kwantar da kare mai nauyin kilo 20. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba nan take abin yake nunawa ba. Sai bayan kwana biyu ko uku za ka ga kare ya yi laushi, yana haki, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Daga nan sai zargi ya tashi: wai maƙwabci ya sa masa guba, ko ɓarayi ne suke share hanya. A gidan da kake gadi kuwa, wa kake tsammani za a fara tuhuma? Kai ne, malam. Karen da aka saya da kuɗin da ya fi albashinka na wata da watanni ya mutu a hannunka, ka ga aiki ya tafi, in ma ba a kai ka caji ofis ba. Duk a kan ragowar miya da ka zuba masa don tausayi. Tsire da kilishi ma, saboda yaji da gishirin da ke jikinsu, ka ci abinka kai kaɗai.

Akwai kuma goro, abokin maigadi. Sinadarin da ke hana ka barci a cikinsa, wanda yake cikin gahawa da shayi, da ɗan'uwansa da ke cikin cakulan, jikin kare ba ya iya fitar da su da wuri. Sai zuciyarsa ta yi ta bugawa, jiki ya kama rawa. Inabi da zabibi suna lalata masa ƙoda. Ƙashin kaza da aka dafa kuwa, wanda kowa yake ganin shi ne rabon kare, tsagewa yake yi kamar tsinke, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Hatsin da ya yi funfuna, wanda ka ƙi ci, shi ma hantarsa yake ci.

Wanda ya fi damuna shi ne na mahauta, domin wannan ya wuce kare ya shafi 'ya'yanmu. Sau da yawa idan aka yanka tunkiya ko saniya aka ga hanta ko huhu da wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa, sai a yanke wurin a jefa wa karnukan da ke kewaya mayanka. Ƙulle-ƙullen nan 'ya'yan tsutsar ciki ne. Su girma a hanjin kare, ƙwayayensu su fito cikin kashinsa, su faɗa a lambu ko a wurin wasan yara. Idan mutum ya haɗiye su, irin wannan ƙullin ne zai fito masa a hanta, wani lokaci sai an yi tiyata. Ku tuna da lambunan da ke bakin kogin Dilimi, ku tuna yawan garuruwan da ke cin ganyen Jos. Irin wannan nama a binne shi da zurfi ko a ƙona. Kayan cikin da suke lafiyayyu ma a dafa kafin a ba shi.

Na san wani zai ce, Musulmi da zancen kare? Malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma mun ji labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ba ya so, ba dole. Amma wanda ya ɗaure shi a ƙofar shago don ya tsare masa dukiya, hakkin cikinsa yana kansa. In ka bar shi da yunwa zai tsinke ya bi juji, ya yi faɗa da karnukan da ba su da iyayengiji, ya dawo maka da ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Ga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom nan kusa da mu, tun 1924 take wurin, tana kuma yin allurar rigakafinsa. Ku da ke Kudu, ku matsa wa masu gidajenku su kai karnukansu asibitin dabbobi a yi musu kowace shekara, ku kuma nemi ganin takardar da idonku, domin ku ne kuke sa hannu a kaskon.