Hasken da ido ba ya gani, da layin da ake fara sokewa a kasafi

A watan Janairun 2023 masana suka bayyana abin da na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano cikin gajimaren Chamaeleon I, wani dunƙulen ƙura da iskar gas mai tsananin sanyi da ke tsakanin taurari: ƙanƙarar ruwa, da ta amoniya, da ta metan, da ta metanol. Babu wanda ya je can ya ɗebo samfur. Haske ne ya kawo labarin.

Kowace ƙwayar sinadari tana da irin tata rawar jikin, kuma takan shanye wani ɓangare takamaimai na hasken infirared. Ƙanƙarar ruwa tana shanye na wajen maikuron 3, iskar kabon dayokzayid na wajen 4.3. Idan hasken tauraron da ke bayan gajimare ya ratso shi, aka baje shi kamar bakan gizo, guraben da suka ɓace su ne tambarin abin da ke ciki. Ƙura tana tare hasken da ido ke gani, amma wannan yakan ratsa ta.

Na'urar ta ci kusan dala biliyan 10 kafin a harba ta ranar 25 ga Disamba, 2021. Ba mai hankalin da zai ce Najeriya ta ƙera irinta. Sai dai bayanan da take tattarowa ana ajiye su a rumbun MAST, kuma akasarinsu kan zama na kowa, kyauta, bayan shekara guda. Hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka. Abin da ɗalibi ke bukata shi ne kwamfuta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet, da malami, da alawus mai zuwa kan lokaci.

Jami'in da ke rage kasafi yakan fara kai alƙalami kan irin wannan bincike, yana mai cewa ciki ba ya jiran taurari. Hujjarsa tana da nauyi, amma da saura. Da wannan fasahar ce ɗakunan gwaji ke tantance ko sinadarin da aka rubuta a kwalin magani shi ne a cikin ƙwayar, kuma ɗalibar da ta ƙware wajen karanta tambarin metanol a gajimare ba za ta sha wuyar gane shi cikin gurɓataccen man fetur ba. Kuɗin horar da ita bai kai na taron bita guda a otal ɗin Abuja ba.