Masu Tsara Karatunmu, Ku Leƙo Ajinmu

'Yan'uwa ɗalibai, ko kun san akwai waɗanda karatunsu kacokam a kan yadda za a tafiyar da makarantu ne? A Jami'ar Bayero da ke Kano ana yin digiri na biyu a fannin tsara ilimi da gudanar da shi. Irin waɗannan masana ne ke ba gwamnati shawara kafin ta kafa doka.

To ga abin da ya dame mu. A shekarar 2022, muna firamare, Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da yara da harshen uwa har zuwa aji shida. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Shekara uku kacal! A tsakanin nan ba mu taɓa riƙe littafin lissafi na Hausa ba. Malam ya rubuta da Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, sai a lokacin ajin yake ganewa. Jarrabawa kuwa da Turanci take zuwa. Yaya za a ce abu ya gaza alhali ba a kawo kayan aikinsa ba?

Ra'ayinmu shi ne, duk mai neman wannan digiri a sa shi ya yi zango guda a makarantar gwamnati a Roni, Gwiwa, Babura ko nan Kazaure. Ya zauna a benci ɗaya da mu, ya ƙirga littattafai, ya ƙirga kawuna, sannan ya koma Kano ya rubuta bincikensa.