Tuwon Girma Miyarsa Nama

Duk wanda ya taɓa sauka a ƙasar Rano ko ta Kibiya da kaka ya san yadda mutanen wurin suke karɓar baƙo. Kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi an shimfiɗa masa tabarma, an kawo masa ruwa, fura ta biyo baya. In dare ya yi a kawo tuwon dawa da zafinsa, da miyar kuka wadda ta ji daddawa da man shanu. Mai gida kuwa sai ya riƙa ba da haƙuri, wai abin da ya samu ke nan. Mutanen da suka tashi cikin wannan ɗabi'a su ne yau suke shiga manyan gidajen abinci na birnin Kano, su biya kuɗi mai yawa, su fito da yunwa da ɓacin rai, sa'an nan kunya ta hana su faɗa. Wannan kunya ita ce jarin waɗansu masu gidajen, kuma lokaci ya yi da za a karya ta.

Da farko sai mai karatu ya tuna inda abincin birni yake fitowa. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974. Ruwanta ne ake kora wa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa da rani. Daga Rurum da Tarai da sauran garuruwan Rano da Kibiya kuma dawa da masara da wake da gyaɗa suke fita. Tumatir ya bi ta Kwanar Gafan ya sauka 'Yankaba, hatsi ya sauka Dawanau, daga nan kukun babban gidan abinci ya aiko a saya masa. Watau abin da ake ɗorawa bisa farin faranti a unguwar Nasarawa ko Bompai, da yawansa gumin talakan kudancin Kano ne. Saboda haka in mutumin Kibiya ya zauna a irin wannan wuri, bai zo roƙo ba. Ya fi mai gidan sanin shinkafa sabuwa da tsohuwa, ya fi shi sanin tumatir na jiya da na makon jiya.

To, a ce wani manomi ya sayar da amfaninsa, ɗansa ya gama makaranta, ya ga ya kamata ya kai shi wurin da manya suke ci, domin yaron ya san an yi murna da shi. Suna isa sai su tarar da ƙofar gilashi, da fitilu kala-kala, da sanyin na'ura mai ratsa ƙashi. Mai gadi ya dubi takalminsu kafin ya dubi fuskarsu. A miƙo musu takardar jerin abinci, duk da Turanci, ko kalma guda ta Hausa babu, alhali kuwa a tsakiyar Kano ake. Abin da aka sa wa dogon suna, in ya iso, sai a ga dafa-duka ce. Wanda aka kira da sunan wata ƙasa ta ƙetare, sai a ga soyayyar shinkafa ce da 'yan ƙwayoyin karas. Sauya wa abinci suna ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sauya sunan domin a ninka kuɗin, a bar ɗanɗanon ya koma baya.

Gama abin da ya fi ciwo shi ne ingancin abincin kansa. Sau da yawa naman da ake kawowa ya daɗe cikin firji, wuta ta ɗauke ya narke, ta dawo ya sāke daskarewa, har ya zama kamar igiya a baki. Miya kuwa an cika ta da ɗunƙule da tumatirin gwangwani, domin a ɓoye rashin kayan haɗi na ƙwarai, ga shi kuwa tumatir ɗanye yana ruɓewa a Kwanar Gafan lokacin da ya yi yawa. Shinkafa an dafa ta tun safe, ana ta ɗumama ta har dare. Wannan ya wuce zancen daɗin baki, ya shafi lafiya. Likitoci sun tabbatar cewa dafaffiyar shinkafa in ta daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi, akwai ƙwayoyin cuta da suke yaɗuwa cikinta su bar dafi, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum kamar miliyan 600 suke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci, wajen 420,000 daga cikinsu su mutu. Ƙwayar cuta ba ta san kujera mai laushi ba. Mai tuwon tasha ma ta fi sauƙin bincike, domin tukunyarta tana gaban kowa, mai saye yana ganin wutar da hannun da ke tuƙi. Ɗakin girkin babban gida kuwa yana bayan ƙofa, an rubuta ba a shiga.

Sai kuma zancen hidima. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A waɗannan gidaje an kashe dukiya a kan tabarmar, an manta da fuskar. Mutum ya zauna rabin sa'a ba wanda ya ce masa sannu. In ya yi odar abu, a tafi, a daɗe, a dawo a ce ya ƙare. Wanda ya shigo bayansa da babbar mota, ko da baƙin harshe, nan da nan an kewaye shi ana rusunawa. Kuɗin da za su biya ɗaya ne, amma an raba su daraja tun daga bakin ƙofa. Kada mai karatu ya ɗora laifin duka a kan samarin da suke kai abinci. Da yawansu 'ya'yan talakawa ne da suka baro ƙauye neman abin kai, suna tsaye tun safe har tsakar dare, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu aikin. Yaro yana kwaikwayon ubangidansa ne. In mai gida yana auna mutane da tufafi, barorinsa ma haka za su yi.

Bayan an ci, ko an taɓa an ture, sai takardar biya ta zo, a nan kuwa ilimin lissafi yake da rana. A ce an rubuta kuɗin faranti Naira 10,000 a jerin abinci. In aka ƙara kashi 10 cikin 100 da sunan kuɗin hidima, Naira 1,000 ke nan. In aka ƙara harajin gwamnati da ake kira VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairu na 2020, Naira 750 ke nan. Jimla ta zama Naira 11,750, ban da ruwan sha wanda ake sayarwa ninkin kuɗinsa na kanti. Haraji hakkin hukuma ne, ba mai gardama a kansa. Amma me ya hana a rubuta cikakken kuɗin tun farko, da manyan baƙaƙe, yadda mutum zai auna aljihunsa kafin ya buɗe baki? A kasuwar Rano in aka yi ciniki aka ce an sallama, magana ta ƙare. Wanda ya ƙara sisi bayan sallama sunansa macuci, kuma ba zai sāke ganin wannan mai saye ba. Kuɗin hidima kuma ya wajaba a tambaya ina yake zuwa, ko aljihun yaron da ya yi ta zirga-zirga, ko akwatin mai gida. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidan da ya karɓi kuɗin hidima bai yi hidimar ba ya ci haram a idon kowane mai hankali.

Masu gidajen abinci suna da tasu hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa hayar gini a birni tana da tsada. Suna cewa tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kaya ya hau. Suna cewa a watan Afrilu na 2024 an ƙara kuɗin lantarki ga masu samun wuta da yawa har ya kai Naira 225 kowane ma'auni, in wuta ta ɗauke kuma sai janareto da man dizal. Suna tuna wa mutane shekarar 2016, sa'ad da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kadawa har kwando ya gagari saye. Duk wannan gaskiya ne, ba kuwa wanda ya ce a sayar da abinci a ɗaki mai sanyi da kuɗin na bakin titi. Amma wannan hujja iyakarta ta bayyana dalilin tsada. Ba ta wanke wanda ya kawo naman da ya juya ba. Tsadar dizal ba ta hana gaisuwa, ba ta hana a rubuta jerin abinci da Hausa, ba ta hana a faɗa wa mutum gaskiyar abin da zai biya. Manomin ma tsadar ta same shi, a taki da iri da man injin ban ruwa, amma in ya cusa tsakuwa cikin buhun wake domin ya rage asara, ba wanda zai karɓi uzurinsa a Dawanau.

Akwai abin lura kusa da gida ga duk mai tsammani gini shi ne ke riƙe baƙo. A zamanin Audu Bako aka gina otel ɗin Rock Castle bisa dutse a Tiga, yana kallon ruwa, aka kuma gina otel na bakin tafkin Bagauda, duka a maƙwabtan Rano. A lokacinsu manyan baƙi ne suke sauka cikinsu, mutanen karkara sai dai su hango daga nesa. Na Bagauda daga baya ya daina karɓar baƙi, aka mayar da shi reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Na Tiga kuwa ya yi shekaru da yawa a yashe. Dutsen yana nan, ruwan yana nan, kyan wurin bai rage ba, amma wannan duka bai isa ya tsare su ba. Gidan baƙi yana rayuwa ne da kulawar kowace rana, da mutanen da suka ci suka ji daɗi suka komo da 'yan'uwansu. Mai waina da ta gāji tanda daga uwarta, ta riƙe masu sayenta shekara da shekaru ba allo ba fitila, ta san wannan sarai.

To, mene ne abin yi? Mutumin da ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara yana da makami a hannunsa, sai ya yi aiki da shi. In an ba shi jerin abinci ya karanta a tsanake, abin da bai gane ba ya tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Kafin ya yi oda ya ce a gaya masa jimlar kuɗin, har da haraji da kuɗin hidima. In abinci ya zo da sanyi, ko yana wari, ya kira manaja cikin ladabi ya ce a sauya, kada ya ci domin kunya. In ya biya ya karɓi rasit, ya lissafa da kansa, ya adana shi, domin shi ne shaidarsa. In an zalunce shi an ƙi gyarawa, Jihar Kano tana da hukumar kare hakkin masu saye, Gwamnatin Tarayya ma tana da tata, wadda ake kira FCCPC, kuma domin irin wannan aka kafa su. In kuwa ya sami gidan da ya cika alkawari, abinci mai kyau, fuska a sake, lissafi a fili, ya yaba masa a gaban jama'a ya kai masa baƙi, gama akwai irinsu a Kano, kuma bai kamata laifin waɗansu ya shafe su ba.

Hukuma ita ma tana da nata rabo. Dattawa suna tuna zamanin da duba-gari yake shiga gida-gida yana leƙa randa. In an iya leƙa randar talaka, lalle ana iya leƙa firjin attajiri. Ya kamata ma'aikatan tsabta su riƙa shiga ɗakunan girkin manyan gidaje ba da sanarwa ba, a kuma tilasta wa kowane gida ya rubuta cikakken kuɗin abincinsa da Hausa da Turanci.

Mutanen dā sun ce tuwon girma miyarsa nama. Wanda ya kafa babban gida, ya sa babban suna, ya yanka babban kuɗi, ya ɗauki alkawarin cewa abin da ke cikin kwanon zai yi daidai da girman da ya ɗora wa kansa. Mutumin Rano da na Kibiya su ne suka noma abin da ke cikin kwanon nan, su ne kuma suke biyan kuɗinsa. Hakkinsu ne su buɗe shi su duba, in ba su ga naman ba su tambaya da babbar murya.