FILIN KIWON LAFIYA: Gam A Maimakon Allura Da Zare

Duk wanda ya taɓa riƙe yaro a asibiti ana ɗinke masa goshi ya san abin ba daɗi. Ga allurar kashe zafi, ga ta ɗinki, ga ihu, sa'an nan bayan 'yan kwanaki a sake komowa cire zare. To, yau akwai yankan da likita ba ya ɗauko masa allura, gam kawai ya ke shafawa.

Asalin gam ɗin ba don magani aka yi shi ba. Wani masani Ba'amurke, Harry Coover, shi ya ci karo da shi a 1942, lokacin da su ke neman roba mai garai-garai don saitin bindiga. Abin ya riƙa manne wa duk abin da ya taɓa, sai suka watsar. A 1958 kamfanin Kodak ya sa shi kasuwa. Likitocin sojan Amurka sun yi amfani da irinsa wajen tsai da jini a yaƙin Biyetnam, amma sai a 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wanda a ke kira Dermabond don rufe rauni.

Ga yadda a ke yi. A wanke raunin sarai, a tsai da jini, likita ya haɗa bakinsa da yatsu, ya shafa gam a bisa fata, ba cikin nama ba. Danshin fata ke sa shi daskarewa, da ɗan ɗumi, cikin minti biyu ko uku. Bayan kwana 5 zuwa 10 ya ɓare da kansa. Kada a sosa, kada a jiƙa shi da yawa, kada kuma a shafa masa basilin, don mai narkar da shi ya ke yi.

Amma fa ba kowane rauni ba. Gam na ƙaramin yanka ne mai tsabta, miƙaƙƙe, marar zurfi, irin na goshi ko haɓa. Cizon kare, sukar ƙusa, saran fartanya da ƙasa a ciki, cikin baki, da kan gwiwa inda fata ke miƙewa, duk ba wurinsa ba ne. A nan gwanintar ta ke, watau sanin wanda za a rufe da wanda za a bari.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne masu ɗiga gam na kanti, irin na gyaran takalmi, a kan yanka. Gaskiya ne danginsu ɗaya, amma na kanti ya fi cin fata, ga tsagewa, in kuma ya haɗu da auduga zafi ya ke yi har ya ƙona mutum. Mafi muni, a kan rufe datti a ciki, rauni ya yi mugunya, ko cutar tetanus mai sarƙe haƙora ta sami mafaka.

In yaro ya yanke, a danna wurin da ƙyalle mai tsabta, a wanke da ruwa mai kyau, a nufi asibiti. Can a tambaya ko raunin zai karɓi gam, a kuma tuna musu zancen allurar rigakafin tetanus.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.