Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanata Aminu Waziri Tambuwal: An Ƙirga Tamu, A Ƙirga Taka

Mai girma Sanata, Matawallen Sakkwato,

Ina rubuto maka ne daga Boɗinga, a matsayin ɗaya daga cikin mutanen ƙananan hukumomi bakwai da kake wakilta a Majalisar Dattawa: Boɗinga, Dange-Shuni, Tureta, Yabo, Shagari, Tambuwal da Kebbe. Ban zo neman kwangila ba, kuma ba ni da ɗan da nake so a saka a aiki. Magana ɗaya ce ta kawo ni, maganar ƙidaya.

Ranka ya daɗe, ba na jin akwai ɗan siyasar da ya fi ka sanin darajar ƙuri'a guda a ƙasar nan. A 2019, da aka kammala zaɓen cike gurbi na gwamna, ƙuri'a 342 ce ta raba ka da Ahmed Aliyu. Mutum 342 ba su cika sahun masallacin Juma'a na gari ɗaya ba. A 2023 ma sai da aka sake komawa rumfuna a watan Afrilu kafin ka kayar da Sanata Ibrahim Ɗanbaba. Duk waɗannan lokuta mun tsaya a rana, an duba katinmu, an shafa mana tawada a yatsa, an zazzage akwati a gaban wakilan jam'iyyu, an ƙirga ɗaya bayan ɗaya, an rubuta a takarda, an sa hannu. Ƙuri'ar tsohuwar da ke Sifawa tana da lamba, tana da shaida, har kotu ana iya zuwa a kanta.

To, ita ƙuri'ar da muka aike ka Abuja ka riƙa kaɗawa a madadinmu fa, wa ke ƙirga ta?

Ka fi ni sanin amsar. Shugaban majalisa yakan ce masu goyon baya su ce "eh", marasa goyon baya su ce "a'a", zaure ya ɗauki amo, ya auna da kunnensa, ya buga guduma. Shi ke nan an yi doka. Ba sunan kowa a rubuce. Wanda ya ɗaga murya da wanda ya yi gum da wanda ya fita shan shayi duk sun zama ɗaya. Haka aka mayar da tsohon taken ƙasa a watan Mayu na 2024 cikin 'yan kwanaki. Dokokin haraji da suka tada ƙura a Arewa tun ƙarshen 2024, har gwamnonin Arewa suka fito suka ƙi tsarin rabon kuɗin VAT da aka fara kawowa, an sa musu hannu a watan Yuni na 2025. Ɗan kasuwar Ɗanchadi da dokokin suka shafa ba shi da wata takarda ta majalisa da zai buɗe ya ga gefen da sanatansa ya tsaya a kan kowane sashe. Abin da yake da shi kawai shi ne hirar rediyo da abin da yaran siyasa suka baza a Facebook.

Kai kanka ka ɗanɗani wannan. Ranar 18 ga Maris 2025 Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jihar na wata shida. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowane zaure sun amince, wato sanata 73 cikin 109. Bayan kwana biyu aka amince da murya. Ka fito fili ka ce ba a cika wannan adadi ba. Na yaba maka, domin kunne ba ya auna biyu cikin uku, ko da kunnen zomo ne. Sai dai ka dubi inda abin ya bar mu: kai ka ce ba a kai ba, shugabannin majalisa sun ce an amince, mu kuma ba mu da rajistar da za ta raba gardama.

Zan faɗi wata gaskiya, ka yi haƙuri da ita. Shekara huɗu gudumar Majalisar Wakilai tana hannunka, daga Yuni 2011 zuwa 2015, kuma da murya kai ma ka yanke mafi yawan hukunci. Al'adar ba yau ta fara ba, kuma wanda ke kan kujera ba ya jin ciwonta. Yanzu da kake ƙasa cikin 'yan adawa ka ji. Abin mamaki, ranar da aka zaɓe ka kakakin majalisa ƙirgawa aka yi: ka samu 252, Mulikat Akande-Adeola da jam'iyyarku ta tsayar ta samu 90. Da amon zaure aka bi a ranar, da wuya labarin ya ƙare yadda ya ƙare. Ashe idan kujerar 'yan majalisa ce ake rabo, an san amfanin lissafi.

Ba kuma cewa nake abin ba ya yiwuwa ba. Ranar 15 ga Yuli 2021, da ake taƙaddama kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya ƙi yarda da hukuncin guduma, ya nemi a kira suna. Aka kira. Sanata 52 suka tsaya gefe guda, 28 suka tsaya ɗaya gefen, 28 ba sa zauren. Washegari jaridu suka jera sunaye, kowane ɗan ƙasa ya ga nasa. Wasu sanatoci sun sha tambaya a gida kan inda suka shiga a ranar. A Maris 2022 ma, da na'ura aka kaɗa ƙuri'ar gyaran tsarin mulki. Kayan aikin na nan, ƙa'idar na nan cikin dokokin zaure. A Amurka da Ingila, duk wanda ya so zai iya duba yadda wakilinsa ya kaɗa ƙuri'a kan manyan dokoki shekara da shekaru baya.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi zama wajibi a kanka fiye da wasu. A ANPP muka fara sanin ka a 2003, kana wakiltar Kebbe da Tambuwal. Ka zama kakaki a PDP, ka koma APC a Oktoba 2014 har ka yi gwamna, ka dawo PDP a Agusta 2018. Ban kawo wannan don gori ba. Siyasar ƙasar nan ta gaji haka, kuma mutanenmu sun bi ka duk inda ka nufa. Amma ma'anarsa ita ce tutar jam'iyya ba ta isa ta gaya mana aƙidarka ba. Abin da zai gaya mana shi ne jerin abin da ka goya wa baya da abin da ka ƙi. Misali, mun tuna majalisarka ta katse hutu ta zauna ranar Lahadi 8 ga Janairu 2012 ta nemi Shugaba Jonathan ya dakatar da janye tallafin mai. An janye tallafin gaba ɗaya ranar 29 ga Mayu 2023, mako biyu kafin a rantsar da ku. Manomin da ke ban-ruwa da injin fetur a fadama yana da haƙƙin ya ga, a rubuce, abin da ka kawo ko ka mara wa baya a zaure tun daga ranar kan halin da ya shiga.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma rabinsa ba ya buƙatar izinin kowa. Ka sa ofishinka ya riƙa fitar da takarda duk wata uku: ranakun da ka halarci zama, ƙudurorin da ka gabatar da matakin da kowanne ya kai, da yadda ka kaɗa ƙuri'a kan kowace babbar doka ko da da murya aka yanke ta, tare da dalilinka a layi biyu. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a karanta a gidan rediyon Rima. Kuɗin wannan bai kai na buhunan shinkafar rabo ɗaya ba. Ɗaya rabin kuwa yana zaure: kai lauya ne tun 1992, ka yi kakaki, ka yi gwamna, ba ƙaramin sanata ba ne da za a yi wa tsawa ya zauna. Ka kawo gyara a dokokin majalisa cewa kasafin kuɗi, cin bashi, haraji, dokar ta-ɓaci da duk abin da tsarin mulki ya gindaya wa adadi, ba za a yanke su ba sai da suna. Ko an kayar da gyaran, ka nemi a kira suna a kan kayarwar.

In kana neman inda za ka fara nuna amfanin takardar, ka fara da ruwan Shagari. A watan Afrilu na 2022 kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa da suka tafi neman itace. A watan Mayu na 2023, kana shirin barin gidan gwamnati, aka sake yin irinsa a Dandeji, yara goma sha biyar, su ma itace suka fita nema. Kai ne gwamna a lokutan biyu, don haka ba labari ake ba ka ba. Madatsar ruwan Shagari tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, sufurin ruwa kuma yana da hukumarsa ta tarayya, kuma kasafin dukansu ta gabanku yake wucewa. Muna so mu gani a layi: nawa aka nema don jirage masu inji da rigunan ruwa da mashigi, nawa aka amince, nawa aka saki. Haka batun 'yan bindiga da suka addabi Tureta da Kebbe har suka fara korar mutane daga ƙauyukan Shagari. Jaje mun karɓa, Allah ya saka. Amma ba a aika sanata Abuja don jaje ba.

Mutanen Shagari na yawan tuna cewa marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, kujerar sanata ya so nema a 1979 kafin jam'iyyarsa ta NPN ta ɗora masa takarar shugaban ƙasa. Malamin makaranta ne da ya shiga majalisar tarayya tun 1954, ya san abin da kujerar ta ƙunsa. Ita ce kake kai yau, kuma a nan ka fara koyon aikin, kana mataimaki ga Sanata Abdallah Wali a 1999. A 2012 majalisar da kake shugabanta ta aika kowane wakili mazaɓarsa, duka 360, a rana ɗaya, 10 ga Nuwamba, don jama'a su faɗi ra'ayinsu kan gyaran tsarin mulki tambaya bayan tambaya. Wanda ya taɓa yin wannan ba zai ce fitar da takarda shafi biyu ya gagare shi ba.

Don Allah, Matawalle, ka fara daga ranar 13 ga Yuni 2023 da aka rantsar da ku. Ka jero mana su duka, har da waɗanda kake ganin ba za su yi mana daɗi ba. Za mu karanta, wanda bai iya ba za a karanta masa.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan mazaɓarka,
Boɗinga, Jihar Sakkwato.